«Ki aje karatun, badi ki koma»: shawarar da ke jefa ƴaƴanmu masu koyon jinya a Amurka cikin bashi

Akwai wata shawara da uwaye ke ba ƴaƴansu ta waya daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai zuwa Amurka, kuma da ita nake son yin faɗa yau a fili. Shawarar ita ce: «In karatun ya yi miki nauyi ki aje, ki huta, badi ki koma.» Wani lokaci da wata riga take zuwa: «Babanki ba lafiya, ki taho ko sati uku ne.» Ko kuma: «Ki ƙara awowin aiki wannan watan, ga azumi ya matso, ai karatu ba ya gudu.» Na san da ƙauna ake faɗin waɗannan kalamai. Sai dai a makarantun koyon aikin jinya na Amurka karatu yana gudu, kuma in ya gudu takardar bashi yake barin yarinya da ita a hannu. Ina da fushi da dokar da ta tsara haka, ina kuma da fushi da mu da ke tura ƴaƴanmu cikin bakinta ido rufe.

Mutanenmu ba baƙi ba ne a can. Duk wanda ke da dangi a ƙetare ya san sunan Girinsboro a jihar Karolina ta Arewa, ya san Niyok. Ƴaƴan da aka haifa a can, da waɗanda suka bi uwayensu da takardar zama ta dindindin, da yawansu aikin jinya suke zaɓa, musamman mata. Dalili a bayyane yake. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka tana hasashen guraben aikin nas kusan 190,000 kowace shekara, matsakaicin albashi kuma ya haura dalar Amurka 80,000 a shekara (dalarsu nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba). Manyan hanyoyin shiga biyu ne: karatun shekara biyu a ƙaramar kwalejin gari, ko na shekara huɗu a jami'a. Dukansu jarrabawa ɗaya suke kaiwa, wadda ake kira NCLEX, ita ke ba mutum lasisin aiki. Gida guda na iya tsayuwa da ƙafarsa saboda ɗiya guda ta ci wannan jarrabawa. Shi ya sa abin da zan faɗa ya shafi tsohuwar da ke jiran aike a Tibiri kamar yadda ya shafi ɗalibar.

Matsalarmu ta farko ita ce da idon lakol ɗinmu muke kallon makarantarsu. A nan, yaron da ya yi rashin lafiya ko ya yi dogon fashi shekara ce ke lalace masa, ya maimaita aji, a yi masa faɗa, magana ta ƙare. Mun ga har farar shekara, inda kowa ya rasa shekarar tare, ba wanda aka aiko wa takardar biyan kuɗi. Sannan mun ɗauki wata magana mun riƙe, wai a Amurka gwamnati ke biya wa talaka karatu. Akwai ƙamshin gaskiya. Dokar ilimi mai zurfi ta 1965, wadda shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu, ita ta kafa tallafin gwamnatin tarayya. A ƙarƙashinta akwai kyautar Pell, mai ɗauke da sunan sanata Claiborne Pell, wadda mafi yawanta a shekarar karatu ta 2024-2025 ya kai dala 7,395, wato sama da miliyan huɗu na CFA. Akwai kuma rancen gwamnati, wanda ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin uwayensa ba ya wuce dala 5,500. Ana neman duka biyun da takarda guda mai suna FAFSA. Abin da ba a faɗa mana shi ne, kuɗin nan kamar kuɗin ƙodago ne da aka ba ka tun kafin ka shiga gona. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Tun gyaran dokar na 1998, ƙa'idar ita ce ɗalibi yana «cin» tallafinsa ne rana bayan rana. Ana ƙirga kwanakin zangon karatu, har da Asabar da Lahadi, a cire hutun da ya kai kwana biyar a jere. In ɗaliba ta janye daga dukan darussanta bayan ta yi kashi 30 cikin 100 na kwanakin, to kashi 30 na kuɗin ne nata, saura na gwamnati ne, kuma makaranta na da kwana 45 ta mayar da nata rabon. Sai ɗaliba ta wuce kashi 60 cikin 100 na zangon sannan kuɗin duka ya zama nata. Ga inda mugun ƙullin yake: wannan lissafin gwamnati ne, bai shafi lissafin makaranta ba. Makaranta tana da nata jadawalin mayar da kuɗin karatu, kuma a wurare da yawa bayan ƴan makonnin farko ba ta mayar da ko sisi. Gwamnati ta karɓe nata, makaranta ba ta rage nata ba, giɓin da ke tsakani ya faɗo kan yarinya.

Mu yi lissafin da alli kamar a aji. A ce zango na da kwana 110. A ce ɗaliba ta samu Pell dala 3,000 da rance dala 2,000, jimla 5,000. Kuɗin makaranta 4,000 ne, an ba ta ragowar 1,000 ta sayi littattafai, kayan sawa na asibiti da abin sauraron bugun zuciya. Rana ta 33 aka kira ta daga gida, ta janye ta hau jirgi. Ta ci kashi 30, ba ta ci kashi 70 ba. Makaranta za ta mayar da kashi 70 na 4,000, wato dala 2,800. Doka ta ce a fara da rance, don haka 2,000 za su koma su share rancen, 800 su koma asusun Pell. Wani zai ce ai alheri ne, an share mata rance. Ku duba da kyau. Rancen gwamnati bashi ne mai haƙuri, ba a fara biyansa sai bayan wata shida da barin makaranta, ana kuma shimfiɗa shi a kan shekara goma ko fiye. Yanzu an ɗauke wannan an ɗora mata dala 2,800 na makaranta, bashin da ake nema nan take. Kafin ta biya, yawancin makarantu ba za su bar ta ta yi rajistar zango mai zuwa ba, in ta daɗe kuma a miƙa sunanta ga kamfanonin karɓar bashi. «Badi ki koma» ɗin nan da muka faɗa, da wane kuɗi za ta buɗe ƙofar?

A wannan zango na kwana 110, wadda ta janye rana ta 65 za a mayar mata da takardar dala 1,636, kusan miliyan ɗaya na CFA. Wadda ta janye rana ta 67 ba a mayar da komai a kanta. Kwana biyu ne tsakaninsu. A zangon da ke farawa ƙarshen Agusta wannan rana kan faɗo wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, a na Janairu kuma wajen ƙarshen Maris ko farkon Afrilu. Ban taɓa jin uban da ya tambayi wannan rana ba kafin ya ce «ki taho». Mun san ranar kasuwar kowane ƙauye daga nan har Madawa, mun san farashin tiyar hatsi na makon jiya, amma ranar da ke raba ɗiyarmu da miliyan ba mu san da ita ba.

Akwai kuma masu ɓacewa shiru, kuma a cikin yaranmu sun fi yawa, saboda kunya. Yarinya ta daina zuwa aji ba ta sanar da kowa ba, tana ganin in ba ta sa hannu a takarda ba ai ba ta janye ba. Ƙarshen zango sai F ta jeru mata a kowane darasi. Makaranta ta duba ta ce wannan janyewa ce ba da sanarwa ba, kuma in ba makarantar da ke kiran suna ba ce, doka ta yarje mata ta ɗauki tsakiyar zango a matsayin ranar fita. Rabin kuɗi ya koma, F kuma ta zauna a takarda ta ja makinta ƙasa. An sha duka biyu a wuri guda.

Wannan hannu ɗaya ke nan. Hannu na biyu shi ne dokar ci gaban karatu mai gamsarwa, wadda aka tsaurara tun 1 ga Yulin 2011. Don tallafi ya ci gaba, ɗaliba sai ta riƙe matsakaicin maki na C, wato 2 cikin 4. Sai ta gama karatun kafin ta cinye kashi 150 cikin 100 na tsawonsa, sai kuma ta riƙa cin kusan kashi 67 cikin 100 na duk darussan da ta yi wa rajista. Darussansu da kiredit ake auna su, cikakken zango kiredit 12 ne. Wadda ta janye a kan ƙa'ida harafin W ake rubuta mata, kuma ana yawan ce wa ɗalibai W ba ta taɓa maki. Gaskiya ne ba ta taɓa maki. Amma a wancan lissafin na kashi 67, W da F uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: darasin da aka ɗauka ba a ci ba. Ɗaliba ta ci kiredit 12 cikin 12 a zangon farko da maki masu kyau, a na biyu ta janye daga 12, ta koma 12 cikin 24, wato kashi 50. In makarantar na duba lissafi kowane zango za a ba ta gargaɗi na zango guda. Ta dawo ta ci 12 ɗin duka, ta zama 24 cikin 36, kashi 66.67. Wata makaranta ta cika mata zuwa 67 ta wuce, wata ta ce bai kai ba. Makomar yarinyar da ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba ta rataya a kan ko magatakarda na cika lamba ko ba ya cikawa. A makarantar da ke dubawa sau ɗaya a shekara ma babu zangon gargaɗi, yankewa ce kai tsaye.

Iyakar kashi 150 ita ma ta fi cizon masu koyon jinya. Karatun da ke da kiredit 70 yana da rufi a 105. Kafin a karɓi ɗaliba cikin sashen jinya sai ta ci darussan share fage, ilimin sassan jiki da aikinsu, ilimin ƙwayoyin cuta, sau da yawa har da kimiyyar sinadarai, kuma gasar shiga na da zafi, don haka wasu kan maimaita don ɗaga maki, wasu su ɗauki darussan cike gurbi suna jiran a kira su. A makarantu da yawa duk wannan na shiga lissafi. Ita kanta Pell tun 2012 zango 12 ne iyakarta a rayuwar mutum, kuma rabon da aka ci a zangon da aka janye ba ya dawowa.

Hannu na uku na sashen jinya ne kansa, kuma shi ya fi nauyi. Malamai ƴan'uwana, ku da kuka saba da 10 cikin 20 a matsayin makin wucewa, ku saurara. A sassan jinya da yawa makin wucewa 75 ne cikin 100, wasu 77 ko 78, wasu har 80. A ma'auninmu 15 zuwa 16 cikin 20 ke nan. Yaron da ya samu 14 a nan mukan yi masa tafi a rubuta masa yabo a takardar bak, a can ya faɗi. Darasin aji da na aikin asibiti a ɗaure suke, in ka saki ɗaya ka saki ɗayan. Ɗalibai tafiya suke a ayari, darasin wannan zango shi ne mabuɗin na gaba, kuma wasu darussan sau ɗaya ake bayar da su a shekara, dawowa kuma sai in akwai gurbi. Sassa da yawa suna ƙirga W a matsayin gwaji guda da bai yi nasara ba, gwaji biyu kuma kora ce. To ga yarinya ta janye a Oktoba, darasin ba zai sake zagayowa ba sai Agusta mai zuwa. Wata goma ke nan. In ba ta riƙe aƙalla rabin cikakken zango ba a tsakani, wata shidan jinkirin rance ya ƙare tana zaune, takardun biyan tsohon rancenta su fara zuwa alhali ba ta da lasisi, ba ta da albashin nas.

Har a harafin D ofisoshin biyu ba su jitu ba. Sashen jinya ya ce D faɗuwa ce, a maimaita. Dokar tallafi ta ce duk abin da ya fi F wucewa ne, darasin da aka wuce kuma sau ɗaya tak ake biyan maimaicinsa. Gwamnati ɗaya, makaranta ɗaya, ɗaliba ɗaya, amma ofis biyu na karanta harafi guda da ma'ana biyu, kuma ba ɗayansu da zai yi asarar komai saboda saɓanin.

Me ya sa sassan jinya ke da saurin kora haka a ƙasar da ke kukan ƙarancin ma'aikatan jinya, ƙasar da makarantunta ke mayar da dubun dubatan takardun neman shiga na waɗanda suka cancanta kowace shekara saboda rashin malamai da guraben koyon aiki a asibiti? Ga abin da nake gani. Ana auna makaranta da yawan ɗalibanta da suka ci NCLEX a zaman farko, kuma hukumomin tantancewa na neman kashi 80 cikin 100. Ɗalibar da aka kora a shekarar farko ba za ta zauna jarrabawar ba, don haka ba za ta ɓata wannan lamba ba. Mu malamai mun san wannan dabara, ba sai an fassara mana ba. Mun san makarantun kuɗi da ke tace ƴan aji kafin jarrabawar ƙasa don allon da za a kafa a bakin ƙofa ya yi kyau. In mun kira shi rashin adalci a Yamai, ban ga dalilin canza masa suna don an yi shi da Ingilishi ba.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce kuɗin masu biyan haraji ne, kuma akwai ƴan damfara da ke rajista don su karɓi ragowar Pell su ɓace. Akwai su. Za a ce wadda za ta lissafa maganin jariri ba a yi mata rangwame a maki. Na yarda, ni ma ba na son nas mai 10 cikin 20 a kan gadon ɗana. Amma ku lura da wanda tarkon ke kamawa. Ɗan damfara ya karɓi kuɗi ya tafi, bai damu da W ba, bai damu da rajistar badi ba. Wadda ke zuwa ofis ta cike takardar janyewa da hannunta, ta faɗi gaskiyar dalilinta, ita ce ke nan a tsaye lokacin da takardar bashi ta fito. Batun lafiyar majinyaci kuwa, tsananin maki ya riga ya tsare shi. Janyewa don mahaifi ya rasu ba ta nuna komai game da iya lissafin magani. Hasali ma ɗalibar da ta san ba ta cikin hayyacinta ta ja da baya daga ɗakin marasa lafiya, ta yi abin da ake so nas ta yi. Dokar ta saka mata da lissafi iri ɗaya da na wanda ya kwana yana wasa. Kuma ɗiyar mai kuɗi da ta janye a rana guda, babanta ya biya 2,800 da kati, ba ta ma san akwai dokar kashi 67 ba, tun da ba ta neman tallafi. Hukuncin nan talaka kaɗai ya san da shi.

Za a ce ai akwai ɗaukaka ƙara. Akwai, a yawancin makarantu, ko da yake doka ba ta tilasta musu buɗe wannan ƙofa ba. Dalilan da doka ta ambata su ne rasuwar dangi, rashin lafiya ko raunin ɗalibi, da wani yanayi na musamman. Ɗaliba za ta rubuta abin da ya faru da abin da ya canza, yawanci kuma a nemi shaida. A nan ne namu ke tuntuɓe. Wanda ya rasu da safe a ƙauyenmu kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kuma gidaje nawa ne ke zuwa ofishin magajin gari neman takardar shaidar rasuwa? In an samo ta, da Faransanci take, sai an fassara. In wadda ta rasu gwaggo ce da ta goya yarinyar tun tana jaririya, sai an yi wa kwamiti bayanin yadda gwaggo ke zama uwa. In ƙarar ta karɓu, zango guda na gwaji ake bayarwa ko a ɗora ta a kan tsarin karatu mai sharuɗɗa, kuma ƙarar ba ta goge bashin makaranta, wannan wani ofishi ne da wata takarda. Don haka duk gidan da ke da ɗa ko ɗiya a makarantar can, in an yi rashi ko an kwantar da wani a likita, a nemi takarda tun da zafinta, a ɗauki hotonta a aika.

Yanzu na dawo kanmu, don Majalisar Amurka ba ta karanta wannan shafi, ku ne ke karantawa. Yawancin yaran nan suna aiki, da yawa a gidajen kula da tsofaffi, da dare, suna ɗaga marasa lafiya suna yi musu wanka, da asuba su wuce aikin koyo a asibiti. Daga wannan kuɗin ake aiko na Tabaski, na suna, na rufin ɗaki kafin damina, na ɗan'uwan da zai buɗe shago karo na uku. Ko ragowar Pell ɗin da aka ba ta don littafi, wani gidan ya san ranar fitowarta. Duk awar da muka ƙara mata a wurin aiki daga karatun da ake neman 15 cikin 20 muka cire ta. In ta fara zamewa ba za ta faɗa ba, domin mun riga mun sanar da unguwa cewa ɗiyarmu likita ce a Amurka. Kuma kada uba ya ce zai buga wa makaranta ya ji. Wata doka ta 1974 da ake kira FERPA ta mayar da ikon takardun karatu hannun ɗalibi da zarar ya shiga kwaleji, kuma yawancin makarantu ba za su ce maka komai ba sai ita ta sa hannu ta ba da izini. Abin da za ka sani shi ne abin da ta yarda ta faɗa maka, ita kuma za ta faɗa ne gwargwadon yadda ka saba karɓar labari marar daɗi.

Batun kira gida kuwa, ba ina cewa zumunci ba shi da daraja ba. Ina cewa a yi lissafi. Daga Amurka sai ta biyo ta Kazabalanka ko Istanbul ko Adis Ababa ta sauka Yamai, sannan ta shiga mota kilomita sama da 600 zuwa Maraɗi, ko kusan 900 zuwa Damagaram. Jana'iza ba za ta same ta ba ko da ta tashi a daren. Abin da za ta tarar zaman makoki ne, kuma gaisuwa ba ta ruɓewa. Zango na ƙarewa tsakiyar Disamba da farkon Mayu. Dattijon da ya ce mata «ki zauna ki gama, mun yafe miki, ki zo da hutu» ya yi wa mamacin hidima fiye da wanda ya sa ta kuka a waya har ta sayi tikiti. In kuwa ciwo ne mai tsanani kuma ana son ta ga mahaifinta da rai, wannan wani abu ne, ba mai hana ta. Ko a nan kwana guda na zuwa ofis kafin tashi na iya rage asarar da rabi.

Domin ƙofofi na nan, ba a tallata su ne kawai. Wadda ta yi nisa a zango kuma makinta na da kyau na iya roƙon malami ya rubuta mata I, ma'ana darasi bai kammala ba, ta cike abin da ya rage daga baya. Wadda ta saki darasi ɗaya ta riƙe saura, a zango na yau da kullum, ba ta shiga lissafin mayar da kuɗi, ko da yake W ɗin na nan a lissafin kashi 67. Makarantu da yawa na da janyewar rashin lafiya ko ta larura, wadda kan zo da rangwamen kuɗin makaranta in an kawo shaida. Mai juna biyu tana da kariyar wata dokar tarayya ta 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantu: dole a karɓi fashin da likita ya ce wajibi ne saboda ciki ko haihuwa, a mayar da ita matsayin da ta bari. Yaranmu mata da ake aurarwa suna tsakiyar karatu, kaɗan ne suka san wannan. Kuma kafin ta sa hannu a komai, ta shiga ofishin tallafin kuɗi da ofishin shugaban sashen jinya, duka biyun, don amsar ɗaya ba ta ɗaure ɗayan. Ta nemi a rubuta mata ranar kashi 60, ranar ƙarshe ta janyewa da W, adadin da za ta biya in ta fita yau, da ko W ɗin za a ƙirga ta cikin gwaji biyun nan. A rubuce, ta imel, ba a baki ba. Ku uwaye, waɗannan ne tambayoyin da ya kamata ku yi mata a waya a madadin «yaushe za ki aiko».

Saura waɗanda suka tafi daga nan da bizar ɗalibi ta F-1, waɗanda mu malaman lise muka rubuta wa takardun yabo. Su ba su da Pell, ba su da rancen gwamnatin tarayya, aljihun uba ne ko tallafin makarantar da ke da nasa sharuɗɗan. Nasu ya fi tsanani ta wata fuska, domin zamansu a ƙasar a ɗaure yake da kiredit 12. Wanda zai sauka ƙasa da haka sai jami'in kula da ɗaliban ƙetare ya amince tukuna, kafin ya saki darasin, kuma rangwamen rashin lafiya ba ya wuce wata 12 a matakin karatu guda. Wanda ya janye da izini yana da kwana 15 ya bar ƙasar. Wanda ya saki darasi guda da kansa, don wani kawu ya ce masa ya rage nauyi, ya faɗo zuwa kiredit 9 ba da izini ba, ya fita daga ƙa'idar bizarsa, kuma ko kwana 15 ɗin ba shi da su.